Darasi: 'Yan Sakandare da Labarin Duniya

A daminar 2022 da yawa daga cikinmu mun tafi sayen takin zamani, muka komo da rabin abin da muka yi niyya. Waɗansu suka ce laifin dillalai ne, waɗansu suka ce na gwamnati. Amma tushen maganar yana can nesa.

Takin NPK da ake haɗawa a Nijeriya abu uku ne. Yuriya ana yin ta a nan gida daga iskar gas. Fosfet ana kawo shi daga Maroko, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a 2016. Fotash kuwa, da yawansa daga Rasha yake zuwa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a watan Fabrairu na 2022, jigilar kaya ta yi wuya, taki ya yi tsada a duniya duka, har tsadar ta iso kasuwar ƙauyenmu.

Haka kuma a watan Yuli na 2023 sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka a Jibiya da Illela da Maigatari har zuwa watan Maris na 2024. Albasa ta ruɓe a cikin motoci, cinikin dabbobi da hatsi ya ja baya. Ashe abin da ake shawartawa a manyan birane yana iya shiga rumbun manomi.

Wa ke jin bayanin waɗannan abubuwa?

A Legas akwai Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1961, inda masana sukan yi lacca. A waɗansu makarantun birni ɗalibai sukan kwaikwayi zaman Majalisar Ɗinkin Duniya mai ƙasashe 193, kowane ɗalibi ya tsaya a madadin wata ƙasa, ya faɗi matsayinta. 'Ya'yanmu na karkara ba safai suke samun irin wannan ba. Alhali kuwa su ne suke karanta mana takardu, su ne suke taya mu lissafin bashi, gobe kuma su ne sakatarori da ma'ajin ƙungiyoyinmu. Sakataren da ya san inda taki yake fitowa, in ya ji yaƙi ya tashi a can, zai ce a sayi taki tun da rani.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

1. Mu nemi mai magana kusa da mu: malamin labarin ƙasa ko na tarihi, malamin gona, ma'aikacin kwastan da ya yi ritaya, ko ɗan garinmu da ke jami'a. Kuɗin mota da abinci sun isa.

2. Mu fara sanar da shugaban makaranta da mai gari. Mu zaɓi lokacin hutu bayan girbi, kada mu raba yara da aji ko gona. Ɗakin taron ikilisiya ko ajin makaranta ya wadatar.

3. A fara da abin da yara suka sani: buhun taki, mudun gero, litar fetur. Daga nan a bi sawunsa har ƙasar da ya fito. A rataye taswirar duniya, yaro ya tashi ya nuna wurin da yatsa.

4. A yi magana da Hausa ko harshen gari. Rabin lokaci na mai magana ne, rabi na tambaya.

5. Kafin ranar, ɗalibai su saurari labarun duniya a rediyo har mako guda, kowa ya rubuto tambaya ɗaya. Su gwada abin da tashoshi biyu suka faɗa a kan labari ɗaya, domin su koyi auna magana.

6. A gayyaci 'yan mata daidai da samari, da dukan yaran gari, Kirista da Musulmi. Kada a bari taron ya zama na jam'iyya.

Bayan laccar, ɗalibai biyu su zo taron ƙungiya su ba iyayensu rahoto a taƙaice. Ta haka wanda bai yi makaranta ba shi ma ya ƙaru.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wane abu ne ya faru a wata ƙasa ya taɓa gonarmu ko kasuwarmu?
2. Wa muke da shi a gundumarmu da zai iya yi wa yara bayani?
3. Nawa za mu ware daga asusu domin lacca biyu a shekara, wa kuma zai ɗauki nauyin shiri?