Darasi Na Tara: Batirin Mota a Ƙasashe Masu Zafi

1.0 Gabatarwa

Daga cikin nauyin da ya rataya a wuyan malamin Hausa akwai koya wa ɗalibai bayyana al'amuran kimiyya da fasaha cikin harshen da suka tashi da shi. Wannan darasi ya ɗauki batirin mota a matsayin misali, domin abu ne da kowa ya san shi da ido, amma kaɗan ne suka san yadda yake aiki. Direbobi da dama sun ɗauka cewa sanyin hunturu ne ke kashe batir, tunda a lokacin ne mota ta fi ƙin tashi da safe. Darasin zai nuna cewa zafin bazara ne ke yin ɓarnar, sanyi kuwa tona ta kawai yake yi.

2.0 Manufa

A ƙarshen darasin ana sa ran ɗalibi ya iya:
i. bayyana ƙirar batir da aikinsa;
ii. kawo hanyoyin da zafi ke rage masa kwana;
iii. rarrabe ma'anoni biyu na “ruwan batir”.

3.0 Ƙirar Batir da Aikinsa

Wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Faransa, Gaston Planté, shi ne ya ƙago irin wannan batir a shekarar 1859. Batirin ƙaramar mota yana da ɗakuna 6, kowane ɗaki yana bayar da wutar da ta kai kimanin bolt 2.1, wato bolt 12.6 ke nan idan ya cika da caji. A kowane ɗaki akwai faranta na dalma da aka tsoma cikin cakuɗar asid da ruwa, inda asid ɗin ya kai kusan kashi 1 cikin 3. Haɗuwar dalmar da asid ce ke samar da wuta.

Babban aikin batir shi ne tayar da inji. Da zarar injin ya tashi, sai altaneta ta karɓi aikin bayar da wuta, tana kuma mayar wa batir cajin da ya kashe. Lafiyayyar altaneta takan bayar da bolt 13.8 zuwa 14.4.

4.0 Yadda Zafi Ke Rage Kwanan Batir

Ana auna ƙarfin batir ne a yanayi mai zafin digiri 25 ko kusa da haka. Ƙa'idar da masana ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan wannan, in ya ɗore, yakan rage rabin kwanan batir. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafi yakan haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, kuma ƙarƙashin bonet ya fi haka zafi nesa ba kusa ba.

Ɓarnar tana zuwa ta hanyoyi uku. Da farko, ruwan da ke cikin ɗakunan yakan ƙafe, saman farantan ya fito fili, asid ɗin da ya rage ya ƙara kaifi. Na biyu, zafi yana hanzarta zaizayar farantan. Na uku, batirin da aka ajiye yakan yi saurin zubar da cajinsa da kansa, kuma idan ya daɗe ba caji sai wani farin gishiri ya daskare a jikin farantan, ya hana su karɓar caji. Wannan ne ya sa batirin da kan yi shekara 3 zuwa 5 a ƙasashe masu matsakaicin yanayi, a ƙasa mai zafi yawanci shekara 2 zuwa 3 yake yi.

Idan hunturu ya kama, sanyi yakan rage ƙarfin batir, baƙin mai kuma ya yi kauri, injin ya buƙaci ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Batirin da bazara ta riga ta raunana ba zai iya ba. A nan ne za a ga ana tura mota da sassafe ana ɗora wa sanyi laifi.

5.0 Hanyoyin Kulawa

i. A riƙa duba ruwan sau ɗaya a wata, musamman da bazara. Batirin da aka rufe ruf daga masana'anta ba a ƙara masa ruwa.
ii. A ajiye mota a inuwa.
iii. A goge farin garin da ke taruwa a kan batir, a kuma ɗaure batirin da kyau, domin jijjiga tana lalata farantan.
iv. A kai wa mai gyaran wutar mota ya auna. Bolt 12.2 alama ce ta cewa caji ya koma kusan rabi, altanetar da ke yin caji fiye da kima kuwa tana ƙafar da ruwa.
v. Wajen cirewa a fara kwance wayar da ke da alamar ɗebewa, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Kada a kusanto da wuta ko taba, domin batir yana fitar da iskar da kan fashe.
vi. Kada a fasa mataccen batir a gida. Gubar dalma, wadda a can daga haƙar zinariya ta fito, ta hallaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010.

6.0 Tsokaci Kan Kalmomi

Kalmar “batir” ararriya ce daga Ingilishi, amma ta zauna a Hausa har ta sami jam'i, “batura”. Inda ake samun matsala shi ne “ruwan batir”, domin Bahaushe yana kiran abu biyu da wannan suna: asid mai ƙona fata, da tataccen ruwan da ake ƙarawa idan na ciki ya ƙafe. Ruwa ne ke ƙafewa, asid yana nan, don haka tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Wanda ya ƙara asid ya gaggauta mutuwar batirinsa, haka ma wanda ya zuba ruwan rijiya, saboda ma'adinan da ke cikinsa. Wajibi ne malami ya rarrabe kalmomin biyu a aji.

7.0 Kammalawa

An ga cewa zafi ne babban abokin gabar batir, kuma yawancin kulawar da yake buƙata ba ta cin kuɗi. An kuma ga yadda suna ɗaya mai ma'ana biyu kan jawo asara.

Auna Fahimta

1. Me ya sa mota ta fi ƙin tashi da hunturu alhali zafi ne ya raunana batir?
2. Ziyarci mai cajin batir, ka tattaro kalmomi 10 na sana'arsa, ka ware na aro daga na asali.