Sauraro Kafin Ƙira: Darasin Tafkin Kainji ga Masu Samar da Manhajojin Waya a Ƙasar Yawuri

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin sauraron jama'a kafin a ƙera musu manhajar waya. An ɗauki masarautar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga a Jihar Kebbi, a matsayin farfajiyar nazari. An kafa hujja da abubuwa biyu na tarihi domin nuna cewa gano buƙatar mutum aiki ne na harshe da al'ada kafin ya zama na injiniya.

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk da haka, sau da yawa akan tsara manhajar noma ko ta hada-hadar kuɗi a Abuja ko Legas, sai an gama a nemi mai fassara ya mayar da ita Hausa. A irin wannan tsari, harshe ne abu na ƙarshe da ake tunawa da shi, alhali ta hanyarsa ne kaɗai za a san abin da mai amfani yake so.

2.0 Darasin Sake Tsugunar da Jama'a

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya samu ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa, aka sake tsugunar da mutane kimanin 44,000. An gina musu gidajen bulo masu rufin asbestos bisa zanen Robin Atkinson. A ma'aunin injiniya gidajen sun fi na laka ƙarko, amma iyalai da dama sun yi musu kwaskwarima, wasu sun gina ɗakunan laka da ciyawa a gefe, wasu kuma sun bar su. Gungawa, waɗanda suka shahara da noman albasa a bakin ruwa, sun rasa ƙasar da sana'arsu ta dogara a kai. An amsa tambayar inda za su kwana, amma ba a zurfafa bincike kan yadda suke rayuwa ba.

3.0 Tallafin Taki ta Waya

Bayan shekara arba'in da 'yan kai, irin wannan giɓi ya bayyana a fagen fasahar sadarwa. A 2012, Ma'aikatar Gona ta Tarayya ƙarƙashin Akinwumi Adesina ta fara rabon takin tallafi ta hanyar aika wa manomi saƙon tes, ya je cibiya ya karɓi buhu biyu a rabin farashi. Manufar ita ce kawar da 'yan tsakiya, kuma shirin ya kai ga manoma masu yawa. Sai dai ya ginu a kan zato uku: kowane manomi yana da wayar kansa, garinsu akwai sabis, kuma yana karanta boko. A ƙauyukan da waya ɗaya take yi wa gida duka aiki, ko inda karatun da aka fi sani shi ne na allo da ajami, saƙon yana iya isowa ba tare da ya isa ga mai shi ba.

4.0 Abubuwan da Ya Kamata a Saurara

Na farko shi ne harshe. A wannan yanki Hausa harshen kasuwa ne da cuɗanya, amma akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Dukawa, kowa da harshen gidansu. Mahdi Adamu, ɗan asalin Ngaski, ya bayyana a littafinsa na 1978 yadda Hausa ta bazu ta hanyar fatauci da ƙaura. Saboda haka, jin Hausar ciniki bai tabbatar da cewa mutum zai fahimci daidaitacciyar Hausa a rubuce ba.

Na biyu shi ne ma'auni. Mai sayar da kifi ko shinkafa yana lissafi da kwando da daro da mudu da buhu. Manhajar da ta tambaye shi kilo nawa ya sayar ta ɗora masa aikin da ba nasa ba.

Na uku shi ne lokaci. Kogin Kwara yana cika sau biyu a shekara: da ruwan damina, sannan da ruwan da yake tasowa daga tsaunukan Gini, wanda yake isowa cikin hunturu. Kalandar noma da aka tsara bisa daminar Kano ba za ta yi wa mai noman fadama a Shanga daidai ba.

Na huɗu shi ne ladabin zance. Idan baƙo ya nuna wa dattijo manhaja a gaban hakimi, dattijon ya ce "madalla", ba lallai ne amincewa yake nufi ba. Yana iya zama kara ce da kunya. Haka kuma, matan da suke bandar kifi ba kasafai suke zama a taron maza ba. Ke nan, sai an je musu da mace mai bincike, kamar yadda ake bi ta hannun Sarkin Ruwa kafin a samu bakin masunta.

5.0 Kammalawa

Abin da ya haɗa gidajen 1968 da saƙonnin 2012 shi ne an riga an yanke maganin kafin a gama jin ciwon. Wannan maƙala tana ba da shawarar a sa manazarta harshe da al'ada tun a matakin farko na kowane aikin manhaja, su tattara kalmomin sana'a, su naɗi hira da harshen da mai magana ya zaɓa, su kuma gwada saƙon murya kafin rubutu. Sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu suna da horon wannan aiki. Abin da ya rage shi ne su nemi gurbinsu a cikinsa.