Maganin Rage Ƙiba: Ki Yi Lissafin Shekara Kafin Ki Fara

A ɗakin awo ana yawan tambayata game da allurar rage ƙiba da ake talla a waya, kuma kowa da kuɗinta take farawa: "Sista, ina zan same ta da sauƙi?" To ga abin da nake gaya wa masu zuwa daga cikin Gusau, da waɗanda ke shigo mota daga Tsafe da Bungudu.

Ba kowace mai jiki ake rubuta wa maganin ba. Likita zai auna nauyinki da kilo, ya raba da tsayinki a mita sau biyu. Mace mai kilo 90 da tsayin mita 1.6, lissafinta 35 ke nan. Akan duba batun magani ne idan lissafin ya kai 30, ko 27 ga mai ciwon suga ko hawan jini.

Allurar da aka fi ji sunanta semaglutide, sau ɗaya ake yinta a mako. A Amurka an amince da ita a 2017 da sunan Ozempic domin ciwon suga, sannan a 2021 da sunan Wegovy domin ƙiba. Tana rage jin yunwa, tana sa abinci ya daɗe a ciki. A babban gwajin da aka yi, mutane sun zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Amma ki riƙe wannan: waɗanda suka daina, cikin shekara ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar ya dawo.

Shi ya sa nake cewa kada ki tambayi kuɗin wata ɗaya, ki ninka shi sau 12. Alƙalamin allura na wata guda ya haura mafi ƙarancin albashi na N70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Wadda ta sayar da ɗan kunnenta na gwal ta yi wata biyu ta tsaya, ba ta da gwal, kuma jikin zai dawo. Haka ma kwasar adashi: ɗauka ɗaya ba ta ɗaukar nauyin maganin da ake yi kowane mako.

To ina sauƙin yake? Ki fara da ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko babban asibitin garinku su ba ki takardar turawa. Gwajin suga da awon jini ba su kai kuɗin alƙalami ɗaya ba, kuma su ne ke nuna abin da ya dace da ke. Mai ciwon suga sau da yawa da metformin ake fara mata, ƙwaya ce mai araha, kuma takan ɗan rage nauyi. Akwai kuma orlistat da ke hana hanji tsotse wani ɓangare na maiƙo, sai dai wadda ta sha ta kuma ci soye-soye za ta sha zaryar bayan gida.

Idan ke ko maigida kuna da katin inshorar lafiya ta NHIA, ko ta jiha wato ZAMCHEMA, ki kai takardar likita teburinsu kafin ki sayi komai, ki tambaya ko maganin na cikin jerinsu. Ko da allurar ba ta ciki, ganin likita da magungunan suga da na hawan jini za su yi miki sauƙi. Ki kuma faɗa wa likita duk abin da kike sha. Na sha ganin matan da ƙibarsu daga "sha ka fashe" ta samo asali tun lokacin gyaran amarci. Likita ne zai janye miki shi a hankali, domin yanke irin su dexamethasone farat ɗaya na da haɗari.

Arahar da nake tsoro ita ce ta masu talla a WhatsApp. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. Shayin rage teɓa kuwa, an sha gano sibutramine a ɓoye cikin irinsu, maganin da aka janye tun 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ki saya a kantin magani mai rajista, ki duba lambar NAFDAC. Allurar tana son firij mai sanyin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe ta. Wadda ta wuni a but ɗin mota cikin zafin bazara ta lalace, kuma kin san halin wutarmu.

A matsayina na ungozoma: mai ciki da mai shayarwa ba sa yin wannan allura. Mai neman haihuwa ta daina aƙalla wata biyu kafin ɗaukar ciki. Rage ƙiba kan dawo da al'ada daidai, ciki ya shiga ba zato, don haka ki biya ta ɗakin tazarar haihuwa kafin allurar farko.