Dogaran Jini da Wuƙarsu

Hakimai da malamansu a ƙasar Haɗeja sun san yadda zazzaɓin cizon sauro kan yawaita in ruwan kogi ya malale fadamu da damina, sun kuma san ɓarnar kyanda da rani. Wannan darasi a kan yadda jiki ke yaƙi da irin waɗannan cututtuka ne.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Ƙwayar kyanda takan shiga cikin ɗayansu ta ɓuya, ta hayayyafa. To, a cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗansu da aikinsu kamar na dogarai ne. In suka gane ƙwayar da cuta ta shiga, sai su manne mata, su huda bangonta da wani sinadari mai suna farforin, sa'an nan su zuba wani a ciki, watau giranzayim B. Shi wannan kamar wuƙa yake, amma ba ya sara barkatai. Yakan yanka furotin a gaɓa guda da ya sani, da haka ya tā da waɗansu sinadarai da ke kwance, su kuma su rushe ƙwayar daga ciki. Sai ta tsuke, ta gutsuttsure, waɗansu ƙwayoyin su zo su kwashe. A 1972 masana uku a Jami'ar Abadin ta Sikotilan suka raɗa wa irin wannan mutuwa mai tsari suna afoftosis.

Abin da ke cikin jini kaɗan ne ƙwarai, ba ya isa bincike. Amma tun da aka gano ƙwayar gadon da ke yin giranzayim B a 1986, masana kan dasa ta cikin yis ko bakteriya, su tsiro da su, su tace sinadarin tsantsa. Da shi suke gwada yadda ƙwayoyin ciwon daji ke mutuwa, da dalilin da waɗansu ke ƙin mutuwa.

Wuƙar nan fa tana da baki biyu. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna in zazzaɓin cizon sauro ya kai ga ƙwaƙwalwa, dogaran kan yi wa jijiyoyin jinin wurin lahani da ita. Saboda haka yaron da zazzaɓi ya sa shi farfaɗiya ko suma, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Allurar rigakafi kuwa ita ke nuna wa dogaran kamannin abokin gaba kafin ya iso. Lalle Hakimin Malam Madori da sauran hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni su tabbata an kai kowane yaro allurar kyanda yana wata 9, a sake kai shi yana wata 15. Malamai kuma su riƙa rubuta ƙauyukan da ruwa kan yanke wa hanya, a sanar da ma'aikatan lafiya tun kafin damina ta faɗi.