Ƙoton Ƙarya: Darasi ga Mai Koyon Fatsa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ya san kifi, amma a faranti ya san shi, ko a tiren mai suya da yamma a bakin titin Zariya. Ruwan da muka sani a unguwa bai wuce na famfo da na rijiya da na kududdufi ba. Duk da haka, a 'yan shekarun nan sha'awar fatsa ta shigo mana, kuma ta waya ta shigo. Muna kallon Turawan Amurka a cikin kwalekwale mai inji, mutum ya buɗe akwati cike da 'yan kifayen roba masu launi iri-iri, ya zaɓi ɗaya ya jefa, kafin ƙiftawa da bismilla ya ciro ƙaton kifi. To, wannan abin da ake jefawa shi ne muka kira ƙoton ƙarya, wato wani abu na ƙarfe ko katako ko roba da aka ƙera don kifi ya zaci abinci ne ya kai masa cafka, alhali ƙugiya ce a jikinsa.

Bari mu fara da kuskurenmu, domin shi ya jawo wannan rubutu. A wani dogon hutu, cikin watan Agusta, mu huɗu muka haɗa 'yan kuɗin da muka tara muka sayi ƙunshin tanar roba da wani babban kifin katako mai ƙugiya biyu a wurin wani mai kayan gwanjo. Muka shiga motar Kura muka sauka a gadar Tamburawa, inda titin Zariya ya ƙetare kogin Challawa. Ruwa ya kawo, ja wur kamar kunun kanwa. Tun hantsi muke jifa har la'asar, ko motsi ba mu ji ba. Daga ƙarshe kifin katakon ya maƙale a saiwar wani icce, muka ja, zare ya tsinke, kuɗinmu ya bi ruwa. A gefenmu kuwa wani dattijo ne zaune da sandar gora da gwangwanin tana, yana ta ciro tarwaɗa yana jefawa a buhu. Da muka gaishe shi muka ce, "Baba, mu me ya hana namu ci?" sai ya juya tanar robar a hannunsa, ya sansana, ya ce, "Samari, tarwaɗa da hanci take kiwo. Wannan abin naku ƙamshin me yake yi?"

Amsar dattijon nan ita ce ginshiƙin darasinmu. Mun fara da tambayar wane ƙoto za mu saya, alhali tambayar farko ita ce wane kifi ne a ruwan, kuma me yake ci.

Kifin da muke gani a hannun Amurkawa sunansa bas. Mafarauci ne mai faɗin baki, yana laɓewa cikin ciyayin ruwa da gindin itatuwa, ya afka wa ƙananan kifaye da kwaɗi da duk abin da ya gilma. Ba shi da wani girma na a zo a gani, domin wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, wanda ya shafe shekaru sama da 70 ba a kamo wanda ya kai shi ba, nauyinsa kilo 10 ne da 'yan kai. An kai irinsa wasu ƙasashen Afirka kamar Kenya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, amma ba kifin ruwayenmu ba ne. Saboda haka yawancin kayan da ake ƙerawa dominsa, an ƙera su ne don wani baki da wani hali da wani ruwa dabam.

Sai dai muna da namu mafarautan, kuma sun fi shi. Na farko shi ne giwan ruwa, wanda a kama da hali shi ne ya fi kusa da bas, amma yakan kai tsawon mita 2, nauyinsa kuma ya doshi kilo 200. Shi ne kifin da ake cin gasa da shi a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, inda a 2005 aka fito da mai kilo 75. Na biyu shi ne tsage, mai haƙora kamar ƙusoshi, mai saurin tsiya, wanda kan bi ayarin ƙawara a sarari. Waɗannan biyun da ido suke farauta, da kuma wani layi da ke gefen jikinsu tun daga kai har wutsiya, wanda da shi suke jin girgizar ruwa idan wani abu ya motsa kusa. Su ne ƙoton ƙarya yake ruɗa.

Sauran kifayen da suka fi yawa a wurinmu ba haka suke ba. Karfasa mai ƙaramin baki ce, abincinta gansakuka da ganyayen ruwa da 'yan ƙwari, don haka tana ko curin tuwo ko burodi a ƙaramar ƙugiya sun ishe ta. Tarwaɗa da ƙurungu a ƙasa suke kiwo, galibi da dare, suna laluben abinci da gashin bakinsu, su kuma sai tana da hanjin kaza da gara da makamantansu. Akan yi dace tarwaɗa ta cafki ƙoton ƙarya, amma dace ne, ba a dogara da shi. Wanda burinsa ya kawo kifin miya gida, to ya haƙa tana a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya, bai kashe ko kwabo ba. Wannan shawara ba ta da armashi, mun sani, amma ita ce gaskiya.

Ina ake samun mafarautan? Sai a babban ruwa. Madatsar Tiga, wadda aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana kimanin kilomita 70 kudu da birni, kuma faɗin ruwanta ya kai murabba'in kilomita 178. Daga Gyaɗi-Gyaɗi titin Zariya ɗin nan da muke tsallakawa kullum shi ne hanyar. Akwai kuma madatsar Challawa a wajen Ƙaraye, wadda aka gama a 1992. A irin waɗannan wurare, inda akwai zurfi da duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, nan ne ƙoton ƙarya yake da aiki. A kududdufin unguwa kuwa ɓata lokaci ne.

To, idan an tabbatar da ruwan da kifin, wanne za a saya? A ganinmu mai koyo biyu kawai yake bukata, kuma na farkonsu ma ba sai ya saya ba.

Na farko shi ne cokali. Sunansa ke nan har a Turai, domin asalinsa cokalin cin abinci ne. An ce wani Ba'amurke, Julio Buel, cokalinsa ne ya suɓuce ya faɗa tafki, ya ga kifi ya kai masa hari yana cikin nutsewa. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, shi dai ya yi rajistar ƙirar a 1852. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. Saboda lanƙwasarsa, idan ana jansa a ruwa ba ya tafiya sak, sai ya riƙa tangaɗi dama da hagu yana walƙiya, daidai yadda ƙawara mai rauni take yi. Mafarauci kuwa, a ruwa ko a tudu, mai rauni yake fara nema. Cokali yana da nauyi, don haka yana jefuwa da nisa ko da iska tana kaɗawa. Ana iya barinsa ya nutse a ja shi ta ƙasa, ana iya jansa ta sama. Ga shi kuma ba ya fashewa.

Haɗa shi ba wuya. A samo tsohon cokalin shayi ko na cin abinci, a kai wa maƙeri ko mai walda, ga su nan birjik a Tarauni, ya yanke mariƙin, ya goge kaifin wurin da magagari, ya huda ƙaramin rami a kowane ƙarshe. A gefe mai faɗi a sa zobe da ƙugiya mai baki uku. A gefe mai tsini a sa zobe da ɗan ƙarfen nan mai juyawa, sannan a ɗaura zare. Kada a raina wannan ɗan ƙarfen, domin in babu shi zare zai murɗe ya cukurkuɗe tun ba a yi jifa goma ba. Tsawon santimita 5 zuwa 7 ya isa. A yi guda biyu, ɗaya fari mai ƙyalli, ɗaya ruwan tagulla. Idan ya maƙale ya tafi, asarar ba ta hana barci, kuma wannan babban abu ne ga mai koyo, domin wanda yake tsoron asarar ƙotonsa ba zai jefa shi kusa da duwatsu da kututture ba, nan ne kuwa kifin yake.

Na biyu shi ne ɗan kifin katako ko na roba mai ɗan leɓe a ƙarƙashin baki. Wani masunci matalauci a ƙasar Finlan, Lauri Rapala, shi ya sassaƙa irinsa a 1936 da toton da ake toshe kwalba, ya naɗe shi da takardar ƙyalli ta cakulan, kuma har yau kamfanin yana ɗauke da sunansa. Leɓen shi ne sirrin: gajere yana sa shi ya bi ta sama-sama, dogo yana nutsar da shi ƙasa. Mai jifa daga gaɓa ya ɗauki mai gajeren leɓe, mai tasowa sama idan an daina ja, tsawon santimita 7 zuwa 10, mai launin ƙawara ko ƙaramar karfasa. Namu da ya tafi a Tamburawa dogon leɓe gare shi, irin na jan kwalekwale a zurfi, shi ya sa ya nufi saiwa kai tsaye. Kafin a biya kuɗi a duba ƙugiyoyin da zobban, domin na arha sukan miƙe idan babban kifi ya ja. A goga bakin ƙugiya a farce. In ta zame ba ta kama ba, tana bukatar wasawa.

Tanar roba, wadda Nick Creme ya fara yi a Amurka a 1949, ita ce sarauniya a wurin masu kamun bas, amma tana son hannun da ya ƙware wajen jin ɗan taɓin kifi, tsage kuma guntule ta yake yi. A bar ta sai gaba. Haka ma masu farfela da masu ƙara a saman ruwa.

Maganar launi ba ta kai yadda masu sayarwa ke zuzuta ta ba. Ƙa'idar a taƙaice take. Da rani, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau, a sa fari ko mai kama da kifin gaske. Idan ruwa ya ɗan gurɓace, a sa ruwan tagulla ko mai duhu, kuma mai motsi sosai, don kifi ya ji shi ko bai gan shi ba. Idan kuwa ruwa ya yi ja irin na tsakiyar damina, a ajiye ƙoton ƙarya a koma tana. Lokaci ya fi launi muhimmanci: daga asuba zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa magariba. Da sanyin hunturu kifi yakan yi nauyin jiki ya koma zurfi, sai a ja a hankali.

Ƙoton ƙarya matacce ne sai hannu ya ba shi rai, kuma a nan ya bambanta da tana, wadda ake jefawa a zauna jira. Bayan jifa, a ƙirga a zuci har biyar kafin a fara naɗe zare. In ba a samu ba, jifa na gaba a ƙirga goma, na gaba sha biyar, har a gano zurfin da kifin yake. Kada a yi ta ja bai ɗaya. A ja, a ɗan tsaya, a fizga kaɗan, a ci gaba, domin sau da yawa a wannan tsayawar ce ake kai cafka. Wanda ba shi da sanda mai abin naɗi zai iya naɗe zarensa a gwangwani ko gorar roba, ya wulwula cokalin ya saki, zaren ya warware da kansa. Sai dai ya sa safar hannu ko ya naɗe yatsa da tsumma, don zaren nailan yana yanka kamar reza. Ana son zare mai ɗaukar kilo 7 zuwa 10, in kuma ana zaton tsage, a sa siririyar waya kamar taƙi ɗaya tsakanin zare da ƙoto, in ba haka ba haƙoransa za su datse shi.

Akwai abubuwan da suka fi kifi tsada. Yawancinmu 'yan birni ba mu iya iyo ba, gaɓar madatsa kuma takan zurma ba zato. Ba mu manta da hatsarin kwalekwalen Ɓagwai a madatsar Watari ba, ranar 30 ga Nuwamba 2021, wanda yawancin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗalibai ne ƙanana. Kada kowa ya tafi ba da izinin iyaye ba, ko ba tare da babba ba, kada kuma a shiga jirgin da ya cika. Shiga ruwa don ciro ƙoton da ya maƙale ganganci ne. A yanke zaren. Tsayawa cikin ruwa maras gudu mai dodon koɗi yana jawo tsargiya, ciwon nan na fitsarin jini. Kogin Challawa kuma a wasu sassansa yana karɓar dattin masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa, don haka a yi tambaya kafin a ci abin da aka kama a can.

Idan an isa bakin ruwa, a fara neman Sarkin Ruwa ko dattawan masunta a gaishe su, a nemi izini, a tambayi inda suka shimfiɗa kalli da mamari don kada cokalinmu ya yaga musu sana'a. Giwan ruwan da bai wuce tsawon tafin hannu biyu ba jariri ne, ko ƙwai bai fara yi ba. A jiƙa hannu, a cire ƙugiyar a hankali da filaya, a mai da shi. A yi hattara da ƙayar bayansa da kaifin murfin kunnensa. Da an dawo gida a wanke cokulan da ruwan famfo, a shanya, a shafa wa ƙugiyoyin ɗan man gyaɗa saboda tsatsa, a soka bakinsu a guntun tsohon silifa, sannan a ajiye su inda hannun ƙanne ba zai kai ba.