Kifin Beta da Maƙwabtansa a Ƙaramin Akwati

Ƙorafin da masu haɗa akwatunan kifin ado suka fi ji a Kwatano guda ne: an sayo beta ja ko shuɗi, an zuba shi cikin sauran kifaye, bayan kwana biyu an wayi gari da gawa tana yawo a saman ruwa. Mai wannan rubutu, wanda wannan ce sana'arsa, yakan ji zancen daga bakin masu shaguna da magidantan Zongo kusan da lafazi ɗaya: "Malam, kifin nan mugu ne, zo ka ɗauke shi." In an je an duba, galibi akwatin bai kai lita 5 ba, babu ciyawa, babu maɓoya, kifaye biyar ko shida suna ta karo da juna.

Asalin beta ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, a fadamu da gonakin shinkafa na kwarin kogunan Chao Phraya da Mekong, inda ruwa ba zurfi kuma ciyayi sun cika shi. A can namiji yakan zaɓi lungu guda, ya hura kumfa a saman ruwa ya yi sheƙa. Shi ke kwashe ƙwai da baki ya jera a ciki, shi ke gadinsu har su ƙyanƙyashe. Duk abin da ya matso kusa, a wurinsa ɓarawon ƙwai ne. Idan maza biyu suka haɗu a fadama, sukan buɗe kumatu, su baza fukafukai, su ɗan ciji juna, wanda ya ji ba zai iya ba ya shige ciyawa, magana ta ƙare. Sai dai mutanen ƙasar sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaɓen mafi zafin rai suna hayayyafa shi don caca. Masanin kifaye na Ingila, Charles Tate Regan, ya raɗa masa sunan kimiyya Betta splendens a 1910, kuma a 2019 Tailan ta ayyana shi a matsayin dabbar ruwa ta ƙasa. Wanda ke isowa kasuwanninmu jikan waɗancan mayaƙa ne, ga shi an kulle shi a gilashin da wanda aka kora ba shi da wurin gudu.

Akwai wata baiwa tasa da ta zame masa wahala. Yana da wata gaɓa a ka da ke ba shi damar shaƙar iska daga saman ruwa, don haka yakan rayu a kofi inda wani kifin zai mutu. Masu sayarwa sai su ce ai ƙaramin wuri yake so. Ba haka ba ne. A ruwa kaɗan kashinsa da ragowar abinci sukan zama amoniya cikin sauri, ta ƙona masa fukafukai. Beta ɗaya tilo yana buƙatar kamar lita 20, in kuwa za a ba shi maƙwabta, kada a yi ƙasa da lita 40.

Maza biyu ba sa zama wuri ɗaya, kamar dai zakaru biyu a akurki. Mace ma ba a barinta da namiji sai lokacin hayayyafa, da ta gama saka ƙwai a cire ta. Yaran da ke haɗa maza biyu a kwalba don kallo kuwa, ya kamata iyaye su tsawata, malamai sun daɗe da hana haɗa dabbobi faɗa.

Wajen zaɓen maƙwabta ne aka fi yin asara. Gupi namiji, mai doguwar jela kala-kala, shi ne na farko da mutane ke so, shi ne kuma na farko da ke mutuwa, domin beta yana ganinsa a matsayin kishiya. Gurami dangin beta ne, shi ma saman ruwa yake so, sai rikici. Wani lokaci kuma betan ne ake zalunta: kifin nan mai ratsin damisa da ake kira taiga bab yakan bi shi a baya yana tsinke masa jela, shi kuwa nauyin adonsa ba ya barinsa ya tsere. Jan kifin gwal ruwa mai sanyi yake so, ga yawan ƙazanta. Sannan ga wata ɗabi'a da ake gani a nan: a samo 'yan ƙananan karfasa daga wajen masuntan tafkin Nokuwe a zuba su ciki. Karfasa ma mai tsare wurinta ce, tana girma da sauri, cikin 'yan watanni ta fi ƙarfin kowa a akwatin. Waɗanda suka fi dacewa su ne marasa ado da ba su cika zama a saman ruwa ba: koridoras, 'yan ƙananan dangin tarwaɗa daga Kudancin Amurka masu kiwo a ƙasa, ko rasbora, kowanne a garke na shida ko fiye, ko kuma katantanwar ruwa. Duk da haka halin beta ya bambanta. Akwai wanda ko katantanwa ba ya ƙyalewa, irin wannan a bar shi shi kaɗai, ba ya kewar kowa.

Bayan yawan ruwan, tsarin cikin akwatin ma yana da muhimmanci. Abin da ake nema shi ne a katse gani, kada kifi ya hango wani daga wannan bango zuwa wancan. Ƙainuwa a saman ruwa, bayan an wanke ta sosai, tana ba shi inuwa da wurin sheƙa, amma a bar fili don ya sha iska. 'Yar tukunyar ƙasa da aka kwantar a gefe ta zama ɗaki. Busasshen ganyen bishiyar badamiye, wadda take da yawa a garuruwan bakin teku, shi masu kiwo a Tailan ke jefawa cikin ruwa. Yakan rina shi ya yi kalar shayi, kifin ya natsu. A fara zuba maƙwabta su zauna, beta ya shigo ƙarshe. In shi ya riga su, a cire shi, a sauya wa duwatsu da ciyayi wuri, sannan a mayar da shi.

Zafin Kwatano ya yi masa daidai, tunda tsakanin digiri 24 zuwa 28 yake so, amma akwatin da aka ajiye gaban na'urar sanyaya ɗaki ko jikin tagar da rana ke duka yakan jigata shi. Shagunan da aka yi wa ado da madubai suna da tasu matsalar: yini guda kifin yana faɗa da hotonsa har ya gaji ya daina cin abinci. Takarda a bayan gilashin tana maganin wannan. Ruwan famfo sai an ɗiga masa maganin kashe kulorin, kuma a rufe akwatin domin beta yana tsalle.

Buɗe kumatu na ɗan lokaci a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Amma kora ba hutawa, yagaggen fiffike, ko kifin da ya maƙale a kusurwa ya ƙi abinci, duk alamu ne na a raba su a ranar, ko da bokiti mai tsabta ne ko allon roba mai huji da zai raba akwatin biyu. Wanda ya ji rauni a riƙa sauya masa kashi ɗaya cikin huɗu na ruwansa duk bayan kwana biyu. Fiffike yakan sake tsirowa cikin 'yan makonni, amma ba a mayar da shi wurin wanda ya cije shi.