Amsoshin Tambayoyinku: Mota ko Jirgin Ƙasa Zuwa Natitingou?

Wani mai sauraronmu daga Onklou, a yankin Djougou na Jamhuriyar Benin, yana so ya kai iyalinsa cin kasuwar ƙarshen shekara a Natitingou, cikin duwatsun Atakora. Ya ce mota ta fi, ko jirgin ƙasa?

To Malam, mota za ka shiga. Layin dogon da ya taso daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, a Parakou ya tsaya tun 1936, bai taɓa isa Djougou ba, balle Atakora. Jirgin fasinja ma ya daɗe da daina aiki a kansa.

Daga Djougou ka bi ta Copargo, tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. Sai dai hunturu ne, hazo yana rufe hanya da asuba, don haka ka bari rana ta ɗaga. Idan motarka ce, a duba birki da fitilu, saboda gangaren duwatsu. A sa wa yara rigunan sanyi. Kada ku yi tafiyar dare, kuma kafin ku zarce arewa wajen Tanguiéta, ku tambayi halin tsaro.

Allah ya kai ku lafiya.